Zanen da Na Ƙi Ƙirgawa

Tun cikin yaron nan yana wata huɗu na fara tsoron wata 'yar aska, alhali babu wanda ya ce mini komai. A zabirar Baba take, can ƙasa, naɗe cikin jan ƙyalle. Tun ina ƙarama na san da ita, kuma ban taɓa ganin ta taɓa fatar mutum ba. Sau ɗaya a shekara yakan fito da ita ya goge tsatsa, ya shafa mata mai, ya mayar. Amma da ya lura zanena ya fara ɗagewa ta gaba, sai ga ta kullum da hantsi a kan dutsen wasa. Na san ƙarar askokinsa ɗaya bayan ɗaya. Babbar ta aski ƙararta mai kauri ce, ta ƙaho kuwa sau uku yake ja ya ajiye. Wannan siririyar ƙara gare ta, kamar ɓera a cikin rufi. Ina tsugune ina surfa waken ƙosai sai in jiyo ta, in tsaya da surfen. Ban tambaye shi ba, shi ma bai faɗa ba. Haka muke da shi, kowa ya san abin da ke ran wani, sai dai a yi ta gaisuwa a kai.

Iyayena da wannan takarda za ta shiga hannunku, kun san shi ko ban kira suna ba, kuma ba zan kira ba, don kun san irin kwanakin da muke ciki. Wanzamin nan ne na unguwar Itapagipe ta bakin teku, a ƙasar Turawan nan da jirgin bayi ya kawo ku, dogo, mai zama gindin mangwaro kusa da inda ake gyaran kwale-kwale. Daminar bara Allah ya yi masa rasuwa. Duk wanda ya zo gaisuwa sai ya ce mini mutumin kirki ne, kamar ni ce ban sani ba. Na sani mana. Da sana'ar aska ya fanshi kansa, ya fanshi Inna, sannan ya fanso ni daga gidan Baturen da aka haife ni a unguwar Bitoriya, ina 'yar shekara shida. Shi ke ɗebo wa Inna ruwa daga marmaro tun da bayanta ya fara ciwo, maza suna yi masa dariya yana gaishe su da tulu a ka. Ba ya sa hannu a akushi sai ya ga mun ci. To amma zama da mutumin kirki akwai gajiya, wannan kuwa babu mai faɗa a wajen ta'aziyya. Kome ya same ka a gidanmu maganinsa ƙaho ne. Ciwon kai, ƙaho. Ɓacin rai, ƙaho. Ran da Inna ta ƙona tuwon rogo cewa ya yi jini ne ya yi mata yawa, ta zo ya cire. Kuma ba a dafa abincin mutum uku a gidan ya ishi mutum uku, don sai an sauke tukunya zai shigo da wani baƙo a bayansa, ya ce ɗan'uwa ne ya tsinta a hanya. Inna ta ce masa ita ba ta taɓa ganin wanda aka sayar shi kaɗai ya tara dangi haka ba.

Yadda yake tsintar su ɗin ne abin kunyar. Baba karatun fuska yake yi, kamar yadda malamai ke karatun allo. A lokacin ƙuruciyata Hausa ba ta yi wuya a garin nan ba. Daga bakin ruwa zuwa hawan birnin sama za ka ji ta a bakin 'yan dako, a bakin masu gyaran taru, a bakin masu tallan taba, har zagi ma da Hausa ake yi, mai daɗin ji. In Baba ya riƙe hannuna muka shiga gari, tafiyar da ba ta kai a dafa wake ba sai ta cinye mana wuni. Ya hango mutum da buhu a ka, sai ya sha gabansa ya leƙa kuncinsa, ya ce kai Bazamfare ne, ko kai Bakabe ne, ko ya ce uwarka ce Bakatsina, ubanka ba daga can yake ba. Mutum ya tsaya buhu na rawa a kansa, wani ya yi dariya, wani ya fashe da kuka a tsakiyar titi, ni kuma ina gefe ina so ƙasa ta tsage in shige. Yanzu fa? Yanzu sai in wuni a bakin kasko ban ji sannu ba. Yaren mutanen Inna, waɗanda a nan ake kira Nago, shi ya cika kasuwa, na Turawa kuma ya cika bakin yara. Tsofaffin da suka rage sun aske gemu, sun ɓoye hula, in mun haɗu da ido kawai muke gaisawa.

Akwai fuska ɗaya da yake nema bai taɓa samu ba, irin tasa. Duk ran da jirgi ya sauke mutane, sai ya ɗauki zabira ya tafi, don masu bayin sukan ɗauki wanzamai su aske sababbin zuwa, su yi musu magani kafin a fito da su. Inna takan ce ba aikin ne ke kai shi ba. Ya bi su ɗaya bayan ɗaya, ya ɗaga haɓa, ya juya kunci wajen haske. In ya dawo ba ya cin abinci, ba ya surutu, shi da ba a iya tsayar da bakinsa. Ya taɓa gaya mini sunan garinsu, ina kuma riƙe da shi, amma ya ce sunan ba zai kai kowa ko'ina ba, don yaƙi ya ƙone garin ƙurmus, mutanen sun watse gabas da yamma, har da wata ƙanwarsa da ya bari tana koyon tafiya. Ya ce gari yana ƙonewa, fuska ba ta ƙonewa. In akwai sauran 'yan gidansu a duniya, a kunci za a gane su.

Yana da wani labari da ya ba mu ya fi sau ɗari, kuma kowane karo kamar ranar ya fara. Wai yana yaro mahara suka sace shi a bayan gari suka kai shi wata kasuwa mai nisa. Yana zaune da igiya a wuya sai wani tsoho mai sayar da gishiri ya tsaya ya dube shi, ya ce wannan ai ɗan gidan wane ne, ɗa ne, ba a sayar da shi. Tsohon ya tara jama'a, aka kwance shi, aka mayar da shi hannun uwarsa. Nan Baba ke shafa kuncinsa ya ce fuskar nan ta taɓa fansarsa. Sau ɗaya, ina budurwa, bakina ya kuɓuce na ce, to karo na biyun fa, ina take? Inna ta harare ni. Shi kuwa bai yi fushi ba, ya ce karo na biyun babu sauran mai iya karanta ta. Ni ban samu zanen fuska ba, don Baturen da ya mallaki Inna ya ce kada a ɓata masa kaya. 'Yan'uwana maza biyu ba su kai kwana bakwai ba. Saboda haka askar nan ta jan ƙyalle, da ya sa wani maƙeri ya ƙera masa tun kafin a haife ni, jira take yi a haifi ɗa na farko a zuriyarsa wanda ba na kowa ba ne. Kuma ga shi a cikina.

Abin da Baba bai taɓa yarda ya gani ba, ni na gan shi tun ina tallan ƙosai a gindin hawa. A can gida, in ji shi, zane yana nufin kana da masu kai. A nan kuwa yana nufin jirgi ne ya kawo ka. In bawa ya gudu, da zanen fuskarsa ake shelar nemansa. In 'yan sintiri suka tare hanya, mai sumul ɗin fuska ya wuce, mai zane ya tsaya ya nuna takarda. Da idona na ga wani dattijo mai takardar 'yanci, ya miƙa ta da hannu biyu, sojan ya dubi takardar, ya dubi kuncin, ya yarda da kuncin. Ga kuma ƙananan yara da ake saukewa a ɓoye a bakin gaɓa, tun da aka ce an hana cinikin. Yaro ɗan shekara biyar da zane a fuska, yana wasa a bakin ruwa shi kaɗai, wa zai tsaya ya tambayi ina uwarsa? Na kai kukana wajen baban yaron. Bakatsine ne, mai 'yanci, yana cikin masu ɗaukar Turawa a kujera daga birnin ƙasa zuwa na sama. Ya saurare ni sarai, ya ce gaskiyata, amma shi ba zai shiga tsakanin uba da 'ya ba, balle uban nan surukinsa ne. Na je wajen Inna, ta ce ita shekara ashirin tana gaya wa mutumin nan ya daina wanke ƙaho a kwanon miya bai daina ba, in gwada sa'ata.

Ranar suna ta zo. An yanka rago a bayan gida, a rufe, dattawa kamar takwas suna zaune a tsakar gida, wataƙila wasunku na cikinsu. Ina ɗaki bayan asabari, jikina duk zafin ruwan jego. Aka miƙa wa Baba jaririn. Na ji ya yi masa huɗuba, sunan nasa mahaifin ya sa masa. Na ji babbar aska tana bin kan yaron a hankali, yana yi masa hira kamar wani babban mutum. Na ji an cire beli, yaron ya tsala kuka ya yi shiru. Sai na ji ƙyalle yana warwarewa. Wallahi ban shirya abin da zan faɗa ba, muryar ce ta fita da kanta, ta ratsa asabari, gaban maza, gaban malamai.

"Baba, kada ka taɓa masa fuska."

Tsakar gida ta yi tsit, har ina jin ƙudaje a kan fatar ragon. Wani ya yi gyaran murya. Na ji kunya irin wadda ban taɓa ji ba, amma ban janye ba, na ƙara da cewa in an tsaga shi yau, gobe zan ɗauke shi in bar gidan. Ban ma san inda za ni ba. Sannan na ji ƙyallen yana naɗewa.

"To," in ji Baba.

Da ma faɗa ya yi mini. Da ya ɗaga murya, ya ce na kunyata shi gaban mutane, da na yi kuka na ba shi haƙuri an wuce wajen. Ina. Wannan "to" ɗin shekara biyar muka yi muna zaune a cikinsa. Bai sake tayar da maganar ba, bai canza mini fuska ba, shi ne ma mai tsinko mini ganyen wanka. Sai dai yaron na fara zama, na dawo daga wanki wata rana na tarar da shi a cinyar kakansa, kunci biyu duk baƙin layi. Gawayi ne Baba ya fiƙe kamar alƙalami. Na sure yaron, na jiƙa bakin zanena na goge, raina a ɓace. Baba ya ce ai wasa ne. Kashegari ma wasa ne. Haka abin ya zama mana kamar wanke-wanke, shi ya zana, ni in goge, ba mai ce wa wani uffan. In na ɓoye gawayi ya ɗauki kwallin Inna. In na ɓoye kwalli ya lakato baƙin gindin tukunya. Tsoho da furfurarsa, a ce ana ɓoye masa gawayi kamar ɗan yaye.

Su biyun kuwa ba a shiga tsakaninsu. Baba na kiransa ƙwarya ba sassaƙa, shi kuma da bakinsa ya buɗe yana kiran Baba tsoho mai tsagaggen kunci. Ya ce masa in ya girma zai ƙwace Inna, Baba ya ce wace mace za ta bi fuska fayau kamar bayan faranti. Yaron ya rufe ido ya miƙa kunci, yana ƙyalƙyala dariya don gawayin na yi masa cakulkuli. Ran da na kai shi coci a ɓoye aka zuba masa ruwa, don kawai a rubuta a littafinsu cewa ɗa aka haife shi, na dawo ina jiran tashin hankali. Baba ya shafa kan yaron ya ce ba komai, nasu ruwa ne, kafin la'asar ya bushe, nasa ne ba ya bushewa. Na ce a raina, to ai abin da nake gudu ke nan, Baba, yaushe za ka gane?

Daminar bara ƙirjinsa ya kama. Ya daina fita gindin mangwaro, sai dai a shimfiɗa masa tabarma a bakin ƙofa in ruwa ya ɗauke. Ya sa ni na kafa masa ƙaho da hannuna, yana ta gyara mini riƙo, wai na riƙe shi kamar ludayi. Wata safiya manja na kan wuta, ƙullu ya tashi, na makara, ga kuma maƙwabciyarmu mai kai wa mai unguwa gulma tana shanya a jikin danga. Sai na ji ya kira ni. Na waiga, yaron na durƙushe gabansa, ya gama zana shi. Ya ɗauki lokaci ya yi shi tsaf.

"Zo ki gani."

"Baba, mai na kan wuta."

"Ban ce ki yarda ba. Ƙirgawa kawai za ki yi, sai ki goge."

"Don Allah ka bar ni da zancen nan. Shekara biyar fa. Ba ka gaji ba?"

Na fizgo yaron, na juya masa baya daga danga, na goge da jiƙaƙƙen tsumma, ina kallon kasko, ba fuskar ba. Baba ya ce to. Bai ƙara neman gawayi ba. Ya yi kwanaki kaɗan bayan nan yana tari, yana ba Inna umarni a kan inda za a kai askokinsa, ya cika da hantsi wata ranar Talata. Maza suka yi masa wanka, suka rufe shi da likkafani, suka fita da shi. Ni dai ƙafafunsa na hango.

Tawayen da aka yi wa Turawa a watan azumi kun fi ni saninsa. Mu a Itapagipe labari muka ji, sai kuma abin da ya biyo baya. Na kwashe allon Baba, da hularsa, da 'yan takardunsa, na ɗaura musu dutse na ba teku. Askar jan ƙyalle kaɗai na kasa jefawa, na tura ta cikin buhun wake. Bayan kwanaki, da safe, rana ta fito sarai, sojoji huɗu suka shigo tsakar gidanmu. Suna cikin birkita ɗaki sai ga yaron ya fito daga bayan murhu, da gawayi a hannu, kunci biyu a zane. Shi ya zana kansa. Ban san yana yi ba, ashe tun rasuwar kakansa yake ɓuya yana yi. Wani soja mai furfura ya kama haɓarsa ya ɗaga. Na zaro takardar coci daga ɗaurin zanena ina miƙa masa, ina magana da yare uku a haɗe, ko kallona bai yi ba. Ya tofa yawu a babban yatsansa ya murza kuncin. Baƙin ya bi yatsan, fata ta fito sumul. Ya yi dariya, ya kira 'yan'uwansa su gani, ya ce wannan haihuwar nan ne, ya ture shi gefe. Sannan suka juya ga baban yaron, wanda nasa zanen ba ya bin yatsa. Suka sami farar riga a akwatinsa, irin ta Musulmi wadda masu tawayen suka sa, suka tafi da shi.

Suna fita na kama yaron na yi masa dukan da ban taɓa yi masa ba. Inna na jan hannuna, ina duka ina kuka, ina cewa so kake a ɗauke ka? Na wanke fuskar da ruwa da toka har ta yi ja. Sai da na zauna numfashina ya dawo, abin ya faɗo mini. Kuncin da sojan bai taɓa ba, layukan a jere suke, tsaf, ba irin kwaɓar yara ba. Shekara biyar gawayi na bin fatarsa, fatar ta haddace. Na gani, kuma na sake gogewa.

Ni ce da gaskiya, wannan kam babu mai ja. Da na bar askar nan ta taɓa shi, Allah kaɗai ya san inda yake yau. Sau da yawa ina juya ƙosai ina faɗa da Baba a raina, ina cewa ka gani ko, ka gani? Kuma na san abin da zai ce, kalma ɗaya ce. To ga inda haushin yake. An yanke cewa baban yaron na cikin waɗanda za a zuba a jirgi a mayar ƙetaren teku, ba don an kama shi da komai ba, don dai ba a son irinsu a ƙasar kuma. Ba zan zauna a nan in raini yaro ba uba ba kaka, cikin garin da ake leƙa fuska kafin a amsa sallama. Za mu bi shi, har da Inna. Kuma duk wanda na tambaya ya ce mini a can, wanda ba shi da zane ba a san na wa ba ne. Ke nan zan ɗauki jikan Baba in kai shi ƙasar Baba, da sunan garin da babu shi, da fuska kamar bayan faranti. Shi ma yana da gaskiya. Mutum ya mutu ya bar ki da rabin gaskiya, ya tafi da rabi, ba ya nan balle ki yi masa tsiwa.

Na zauna in zana fuskarsa a ƙasa, sai na ga ban iya ba. Ni da ake cewa ba abin da ke wuce idona. Na san faso nawa ne a dugadugansa, na san farcen da ya rasa a ƙafar hagu, na san tabon wutar da aka yi masa a kafaɗa kafin a sa shi jirgi, na san jijiyoyin bayan hannunsa. Amma 'ya ba ta tsura wa ubanta ido, shi da kansa ya koya mini haka, kuma kullum a durƙushe nake gabansa. Ga gemu, ga tamoji sun haɗe da zanen. Na tambayi Inna. Ta ce zanen mutanenmu duk ɗaya ne a wajenta, kamar kaza ta yi tono. Na ce Inna, mijinki ne fa. Ta ce da tafin hannu ta san shi, kamar tabarma yake, amma wa ke ƙirga miji? Ta ce bakwai, can ta ce biyar, sai ta fara kuka, na ƙyale ta. Na kai wa baban yaron abinci kurkukun da ke ƙarƙashin gidan majalisa, a dandalin fada, na tsuguna a bakin ƙarfen tagar na tambaye shi. Ya ce shi da surukinsa? Idonsa bai taɓa wuce gemu ba, askinsa ma wajen wani Banago yake yi don kunya. Na ce to madalla, gida guda mun zauna da mutum, kowa ya san ƙafarsa.

Yaron kuwa, na lallashe shi, na ba shi rake, na fiƙe gawayi da kaina na sa masa a hannu. Sai ya sake shi ya faɗi, ya mayar da hannuwansa baya, ya ce mini da yaren Turawa bai sani ba. In na matsa sai ya kare kansa da gwiwar hannu. Na daina.

Ga iyakar abin da na riƙe. Layukan daga gefen baki suke tashi, su buɗe su nufi kunne. Kunci ɗaya ya fi ɗaya da layi guda, ban san wanne ba. Akwai kuma wani ɗan gajere da ya gicciye su kusa da kunne, a gefe ɗaya kawai, wanda Baba ya ce shi ne na gidansu, kakansa wanzami ne ya ƙara shi don 'ya'yansa kaɗai. Dattawa uku na samu na tambaya a fakaice. Ɗaya ya ce bakwai da shida. Ɗaya ya rantse tara da takwas ne. Na ukun ya ce shi da Baba ya fara surutu barci yake yi. Ban ce in mun isa can zan yarda a tsaga shi ba, kada wani ya ɗauka na sauko. Ina dai so in iya tsugunawa gaban wata tsohuwa a wata kasuwa, in zana a ƙasa, in ce Iya, kin san gidan nan?

Ku kun zauna ƙarƙashin askarsa duk Juma'a, shekara da shekaru, kanku a ɗage, fuskarsa ba ta fi taƙi ɗaya daga taku ba, yana ba ku labarin mai gishiri. Babu yadda za a yi a ce duk barci kuka yi. Wanda ya tuna, kada ya rubuta amsa, kada kuma ya zo gida. Ina suyar ƙosai kullum da safe a gindin mangwaron da yake zama. Ka zo kamar za ka ɗebi wuta a lofenka, ka tsuguna, ka zana mini a toka da yatsa, kuncin dama tukuna, sannan na hagu, kada ka manta ɗan gicciyen. Wanda bai tuna ba ya miƙa takardar ga na gaba, na ƙarshe ya sa ta a wuta. An ce jirgin ba zai wuce wata mai kamawa ba, don Allah kada ku jinkirta. Wannan karon zan ƙirga kafin in goge.